Jagorancin Ma'aikatan da Ido Ba Ya Gani: Kwatanta Tsarin Samaru da na Sabon Garin Zariya

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda ake jagorantar mutanen da aiki ɗaya ya haɗa amma wurin zama ya raba, ta hanyar kwatanta tsari biyu da suka daɗe a Zariya: na cibiyoyin binciken noma a Samaru da na manyan 'yan kasuwar Sabon Gari. Matsayarta ita ce intanet ta rage wahalar aika saƙo ne kawai. Abin da ke riƙe irin wannan ayari tun fil'azal shi ne ranar haɗuwa wadda ba a ɗagawa, da kuma wanda zai tsaya wa ma'aikaci.

Gabatarwa

Kullen korona na 2020 ne ya sa batun aiki daga gida ya shiga bakin ma'aikatan Nijeriya. A Disamban 2021 kuma gwamnatin Jihar Kaduna ta mayar da ranakun zuwa ofis huɗu, aka bar Juma'a a yi aikinta daga gida. Daga nan aka riƙa maganar kamar wani baƙon abu ne da ya sauka daga Amurka. A Zariya ba baƙo ba ne, sunan ne kawai sabo.

Tsarin Samaru

An kafa tashar binciken noma ta Samaru a 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 da sunan IAR. Aikinta bai taɓa yiwuwa a harabar Samaru kaɗai ba, domin irin da ya yi kyau a jar ƙasar Zazzau sai an gwada shi a inda ruwan sama bai kai nan ba. Shi ya sa take da tashoshi a Kano da Kadawa da Talata Mafara. Maƙwabciyarta NAERLS, wadda ta faro a 1963, ta fi ta bazuwa: tana da ofisoshin shiyya a wurare irin su Maiduguri da Badeggi da Ibadan da Umudike, kuma duk damina takan watsa jami'ai jihohi su duba amfanin gona, sannan a tattara abin da suka gano a rahoto ɗaya.

Inda tsarin ya fi fitowa fili shi ne a ayyukan bunƙasa noma da Bankin Duniya ya tallafa, waɗanda suka fara da Funtuwa da Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970. Daga baya aka ɗora su a kan tsarin horo da ziyara na Daniel Benor. Malamin gona yana ƙauyensa, shugabansa ba ya ganinsa, amma kowane rukunin manoma ya san ranar da zai zo musu. Duk mako biyu malaman gona kan taru a koya musu saƙon da za su kai, duk wata kuma masu bincike kan zauna da ƙwararrun jiha. Hikimar a nan ita ce manomi ne ya zama mai sa ido: in malam bai zo ranarsa ba, gari ya sani. Tsarin yana da tsada, ga babura ga mai ga alawus, kuma da kuɗin Bankin ya janye sai ya yi rauni a wurare da yawa. Abin lura shi ne taron ne ya fara mutuwa, takardar rahoto ta ci gaba da zuwa. Rahoton da ba wanda zai dubi idon marubucinsa ya tambaye shi, ana iya cika shi a gindin bishiya.

Tsarin Sabon Gari

Sabon Gari ya tashi ne da isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma tun lokacin cinikin auduga da gyaɗa, maigida yana zaune kusa da tasha, yaransa suna kasuwannin ƙauye da kuɗinsa a aljihu. Abner Cohen ya bayyana irin wannan tsari a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, inda ake ba da shanu da goro bashi ba tare da takarda ba. Yau ma mai sayen hatsi a Sabon Gari yakan tura yaronsa Giwa ko Soba ko Maƙarfi. Da safe a tura kuɗi ta waya, da rana yaro ya aiko da hoton buhuna da saƙon murya ta WhatsApp, da dare mota ta iso.

Ba wanda ke tambayar ƙarfe nawa yaron ya fito. Buhu ake ƙirgawa. Amma kuskure ne a ce amana ce zalla. Ba a ɗaukar yaro sai an san wanda ya kawo shi, kuma tambayar farko ita ce: ɗan gidan waye? In ya ci amana, akwai kawu ko limami da za a je wa. Raunin tsarin a nan yake, domin wanda ba shi da mai tsaya masa, ko mace mai ilimin lissafi da ke zaune a cikin gida, da wuya su samu shiga.

Abin da binciken waje ya nuna, da iyakarsa

Nicholas Bloom da abokan aikinsa sun wallafa a 2015 cewa ma'aikatan amsa waya na kamfanin Ctrip a Sin da suka koma aiki daga gida ƙwazonsu ya ƙaru da kashi 13 cikin ɗari. Binciken ya kuma nuna ƙarin girma ya ragu gare su, kuma da aka ba da zaɓi, da dama suka nemi komawa ofis saboda kaɗaici. A 2024 Bloom ya sake nunawa a mujallar Nature cewa barin ma'aikata su yi kwana biyu a gida duk mako ya rage barin aiki da kusan kashi ɗaya bisa uku. Wannan ya yi daidai da tsarin Samaru: rabuwa tana yiwuwa muddin akwai ranar haɗuwa.

Sai dai gidan ma'aikaci a Shanghai daban yake da gida a Hayin Dogo ko Muciya. A nan ofis ne wurin da ake samun janareto, can ake cajin kwamfuta. Mai aiki daga gida shi ke sayen data da mai ko sola daga albashinsa, wato an sauke masa kuɗin da hukuma ya kamata ta biya. Cibiyar Karatu Daga Nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello, da ke Samaru, ta nuna ana iya haɗa malamai da ɗaliban da ke garuruwa daban-daban ta intanet, amma ita ma takan tara su a cibiyoyi idan jarrabawa ta zo. Ga kuma batun tsaro. A Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara, sannan a wasu ƙananan hukumomin Kaduna, ciki har da Giwa. Makonni aka kwashe jami'in da ke Talata Mafara da yaron da ke kasuwar Giwa ba su da hanyar kira ko karɓar kuɗi ta waya. A irin wannan hali, wanda aka riga aka ba ikon yanke shawara shi kaɗai ke iya ci gaba da aiki. Wanda aka saba wa jiran izini kan kowane buhu kuwa, sai dai ya ba direba saƙo, ya zauna jiran amsa.