Daren da Tabki Ya Yi Numfashi: Nyos, 1986

Mutumin Gaya ko Ajingi, wanda ya tashi bisa shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai rairayi, in ya ji zancen dutse mai aman wuta sai ya ɗauka labarin Japan ne ko Italiya. To, ba haka abin yake ba, domin dabbobi da makiyaya sun riga sun haɗa mu da irin waɗannan duwatsu. Cikin Fulanin da suka hau tsaunukan Bamenda a Kamaru tun farkon ƙarni na 20 akwai Jafunawa, masu danganta asalinsu da Jahun, nan gabas da mu.

A waɗannan tsaunuka ne tabkin Nyos yake, cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta. Zurfinsa ya kai mita 200. Shekara da shekaru iskar kabon tana tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa tana narkewa a gindin ruwan, nauyin ruwan sama ya danne ta, kamar lemon kwalba da ba a buɗe ba. Ran Alhamis 21 ga Agusta, 1986, da dare, murfin ya buɗe. Da yake iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, sai ta gangara cikin kwari, ta bi ƙauyukan Nyos da Cha da Subum. Mutum 1,746 suka rasu, galibi suna barci, da dabbobi wajen 3,500, yawancinsu shanun makiyaya. Gidaje kuwa suna nan tsaye, ko jinka ba ta ƙone ba. Allah ya jiƙansu.

Abin da ya fi ciwo shi ne an yi gargaɗi. A 1984 tabkin Monoun ya kashe mutum 37 ta wannan hanya, masana suka je suka auna ruwan, amma bayaninsu bai isa kunnen mai kiwo ba. Bayan Nyos ma an daɗe ana gardama, wasu na cewa aman wuta ne, wasu na cewa ruwan ne ya juye. Sai a 2001 aka kafa bututun farko mai zuƙe iskar sannu a hankali, aka ƙara biyu a 2011.

Nijeriya ma ta tsorata, don in gaɓar tabkin ta karye, kogin Katsina-Ala ruwan zai bi. Wannan na cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Jihar Taraba.