Faci, Kwaskwarima ko Garambawul?

A zauren gidanmu da ke Kazaure akwai wani baƙin keke ƙirar Raleigh da mahaifina ya bari. Ya yi shekaru jingine da bango, sai da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin hawa babur ya tashi, sannan na tuna da shi. Na tura shi wurin wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya, bakin titin Daura. Na ce, "Baba, a gyara shi ko in nemi wani?" Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wane gyaran? Faci kake so, ko kwaskwarima, ko garambawul?"

Wannan tambaya ce ta sa ni bin sawun kalmomin. Ita kanta kalmar keke baƙuwa ce, daga Yarabanci muka aro ta, ta zo ta danne basukur, sunan da kunnen Bahaushe ya sarrafa daga Turanci. Da ta zauna sai ta haihu, muka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu.

Sunayen sassan keke kuwa gida biyu ne. Akwai waɗanda ya tarar a wurinmu: sarƙa, ƙararrawa, da sirdi, wanda ya gada daga doki, shi ya sa kirarin dokin ƙarfe ya dace da shi. Akwai waɗanda suka biyo shi daga Ingila: taya, birki, feda, sifoka, boris, kariya, madigadi. Shi ma Raleigh sunan wani titi ne a birnin Nottingham, inda aka fara ƙera keken kafin shekarar 1890. Daga baya Phoenix na Shanghai ya shigo da sauƙin kuɗi.

To, sai kalmomi ukun Baba. Faci shi ne ƙaramin magani. Na ga ya hura tif, ya tsoma a kwanon ruwa yana juyawa har kumfa ta tashi, ya soka tsinke a hujin, ya kankare wurin, ya shafa sholisho, ya jira ya sha iska, sannan ya manna roba. Kwaskwarima gyaran ido ce: fenti, sabuwar rigar sirdi, ƙararrawa mai ƙyalli, alhali ciwon yana ciki. Garambawul, wanda ya fito daga bakin makanikai, shi ne a kwance komai, a wanke boris da kananzir, a cika giris, a ɗaure sifoka har gargare ya daina rawa. Saboda nauyinta ne kalmar ta shiga siyasa, kake jin an yi wa majalisar kwamishinoni garambawul.

Saye ma da nasa sunayen. Akwai sabo dal. Akwai na hannu, wanda ka san mai shi. Akwai ɗan Beljiyam, sunan da ya samo asali daga tsofaffin motocin da ake lodowa daga tashoshin ruwan ƙasar, ya zama sunan kowane kwancen Turai. Can ƙarshen layi kuma 'yan jari-bola ne, waɗanda ba su san Raleigh ba sai nauyinsa a sikeli.

Ranar da na kai kekena, Baba bai kula tayoyin da suka tsage ba. Sifana ya ɗauka yana ƙwanƙwasa ƙarfen yana saurare, ya bi mahaɗai da yatsa yana neman tsaga ko tabon walda. Ya ce, "Duk wani sashen keke da ka sani, akwai shi a kasuwa. Gangar jiki ce ba a saye. In ta tsage ko tsatsa ta cinye ta, kada ka zuba kuɗinka. Wannan kuwa lafiyarta ƙalau." Sai na lura, sashen da hukuncin ya rataya a kansa shi ne wanda ya kira da sunan jikin mutum.

Garambawul aka yi masa, kuma da shi nake zuwa gona yanzu. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani. Mai karatu, in kana da tsohon keke a zaure, kai shi a duba gangar jikinsa kafin ka kira ɗan jari-bola, kuma ka gaya wa mai gyara sunan aikin da kake so.