Jimmy Carter: injiniyan da ya koma gida noman gujiya

Galibin mutane sun san Jimmy Carter a matsayin shugaban Amurka na 39. Amma a garinsu Plains, da ke jihar Jojiya a kudancin ƙasar, manomin gujiya suka sani, wanda suke sayen iri da taki a wurinsa. Garin ƙarami ne, har yau mutanensa ba su kai dubu ɗaya ba. A can aka haife shi ranar 1 ga Oktoba 1924, a can kuma ya rasu ranar 29 ga Disamba 2024 yana da shekara 100.

Tasowa da karatu

Mahaifinsa Earl manomi ne mai kanti, mahaifiyarsa Lillian kuma ma'aikaciyar jinya. Ya tashi a ƙauyen Archery kusa da Plains, a gidan da farko babu lantarki babu famfo. Yawancin maƙwabtansu baƙar fata ne masu aikin gona, da ƴaƴansu ya yi wasan ƙuruciya. A 1946 ya gama makarantar sojan ruwa ta Annapolis, a shekarar kuma ya auri Rosalynn, ƴar garinsu.

Ya yi aiki a jiragen yaƙi masu tafiya ƙarƙashin teku, sannan aka ɗauke shi cikin shirin jiragen da ke aiki da makamashin nukiliya. A Disamba 1952 tukunyar nukiliya ta Chalk River a Kanada ta lalace, kuma yana cikin waɗanda aka tura su wargaza ta. Saboda haɗarin tururin, kowane mutum daƙiƙa 90 kawai yake yi a ciki. Sai suka gina kwaikwayon injin a waje, kowa ya bita aikinsa har hannu ya saba, kafin ya shiga ya kwance abin da zai kwance ya fito da gudu.

Komawa gida

A 1953 mahaifinsa ya rasu. Da ya zo gida ya ga yadda jama'a suka dogara da tsohon, sai ya ajiye aikin soja. Rosalynn ba ta so haka ba ko kaɗan. Suka zauna a gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, a 1954 kuma aka yi fari, ribar shekarar gaba ɗaya ba ta kai dalar Amurka 200 ba. To amma bai gudu ba. Ya koma ɗalibi yana koyon ilimin noma, matarsa ta riƙe littafin lissafi. Ya soma noman irin gujiya mai kyau yana sayar wa manoma, ya kafa injin ɓare ta, sannu a hankali sana'a ta miƙe.

Hidimar gari da tsadarta

Daga 1955 ya shiga hukumar makarantu ta gundumar Sumter, har ya shugabance ta. Lokacin wariyar launin fata ce, makarantar farare daban ta baƙaƙe daban. Da aka kafa ƙungiyar fararen fata mai kare wannan wariya, aka matsa masa ya shiga, ya ƙi. Wasu abokan ciniki suka ƙaurace wa rumbunsa na wani lokaci. A 1961 ya nemi a haɗe ƙananan makarantu domin karatu ya inganta, jama'a suka kada shawarar a ƙuri'a.

A 1962 ya tsaya takarar majalisar dattawan jiha. Aka ce ya faɗi, ashe a gundumar Quitman an cusa ƙuri'u, har da sunayen matattu. Ya bi kadin maganar ta hanyar shari'a, kujerar ta dawo hannunsa. Daga nan ya zama gwamnan Jojiya a 1971, ya yi shugabancin ƙasa daga 1977 zuwa 1981.

Bayan mulki

Da ya faɗi zaɓen 1980, gidansa mai ɗakunan kwana biyu da ya gina a 1961 ya koma. Ya tarar bashin sama da dalar Amurka miliyon ɗaya a kan kasuwancin gujiyar, dole ya sayar da shi. Hannunsa dai bai bar aiki ba: kafinta ne, kuma daga 1984 shi da matarsa suka riƙa fita aikin gayya na gina wa marasa ƙarfi gidaje. A 2017 ya ba da hayar gonarsa mai kusan hekta 4 aka kafa allunan hasken rana 3,852, waɗanda ke iya ba garin kusan rabin wutar da yake buƙata.

Abin da ya haɗa shi da mu

A 1982 ya kafa Cibiyar Carter, wadda daga 1986 ta ja gaban yaƙi da kurkunu. Manyanmu sun san wannan ciwo: yakan kwantar da manomi daidai lokacin da gona ke buƙatarsa. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Dabarar ita ce a tace ruwan tabki da ƙyalle, a hana mai ciwon sa ƙafa cikin ruwan sha, a haƙa rijiyoyi. A 1986 an ƙiyasta mutum miliyon 3.5 ke kamuwa a shekara cikin ƙasashe 21. A 2023, mutum 14 kacal aka samu a duk duniya. Nijar kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar a 2013.

Ya karɓi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2002. An binne shi ranar 9 ga Janairu 2025 a harabar gidansa na Plains, kusa da Rosalynn, wadda ta riga shi rasuwa a Nuwamba 2023 bayan shekara 77 suna tare.