Teburin Abuja Da Tukunyarmu

Ni da Abuja sa'anni ne, don Inna ta ce a 1991 ta haife ni, shekarar da Babangida ya kwashe gwamnati daga Legas ya koma can ranar 12 ga Disamba. A watan Agustan shekarar ne kuma aka ƙirƙiro Jigawa, Dutsenmu ta zama babban birni. To amma har na gama sakandare ban san Abuja da komai ba sai fadar shugaban ƙasa, ashe zauren sulhu ce ta Afirka ta Yamma, tunda hedikwatar ECOWAS a can take.

Ku ɗauki Laberiya. A Agustan 1995 aka tara su Charles Taylor da sauran madugan yaƙi a Abuja suka sa hannu. Ko shekara ba a rufa ba, a Afrilun 1996, bindiga ta sake tashi a Monrobiya. Aka dawo da su Abuja a Agusta, zamanin Abacha, sai ga shi mace aka ɗauko, Ruth Perry, aka ce ta riƙe ƙasar har a yi zaɓe. Ta kuwa riƙe, aka yi zaɓen a Yulin 1997. Duk sanda na tuna wannan sai na yi murmushi, maza sun ɓata, mace aka kira ta share.

Na Darfur bai yi albarka ba. Kusan shekara biyu ana zama a Abuja, ranar 5 ga Mayu 2006 gwamnatin Sudan da ɓangaren Minni Minnawi kaɗai suka sa hannu, sauran 'yan tawayen suka ƙi. Ke da kike zaune da abokiyar zama kin sani, sulhun da aka yi ɗaya tana ɗaki ta turo ƙofa, ba ya kai gobe.

Wanda ya taɓa ni har cikin tukunya shi ne na Nijar. Sojoji suka kifar da Bazoum ranar 26 ga Yuli 2023, ranar 30 shugabanni suka zauna a Abuja suka ba su mako guda, aka rufe iyaka, aka yanke musu wuta. Maigidana dabbobi yake sarowa a kasuwar Maigatari duk Alhamis. Wallahi kasuwar ta yi sanyi, cefane ya koma rabi, ga ƙanwar Inna tana aure a Damagaram, ta kwanta ciwo ba damar zuwa dubiya. Su da suka yanke hukuncin, anya sun san akwai irinmu?

Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi sun je Yamai da saƙon Abuja, a zuwan farko ba su ga Janar Tchiani ba. Sai da Muhammadu Sanusi na II ya je don kansa aka buɗe masa ƙofa, bayansa malamai ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. A ganina su an karɓe su ne don ba da wa'adi suka je ba, da zumunci suka je.

A Abujar dai aka ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, a Maris aka buɗe iyaka. Nijar kuwa ta riga ta yi fushi, a Janairun 2025 ta fice daga ECOWAS. Mu dai ranar da aka buɗe, Inna ta hau haɗa kaya, ta ce ko a ƙafa ne sai ta je ta ga 'yar uwarta.