Ƙonni ta 1899 a cikin silima: yadda tsarin aiki ke zaɓa wa tarihi harshe

A sana'ar silima akwai ma'aikacin da Faransawa ke kira directeur de production, Jamusawa kuma Produktionsleiter. Shi ke riƙe da kasafin kuɗi, yana neman izinin hukuma, yana ɗauko ƴan cika fage. A ganinmu, waɗannan lamurra su ne sau da yawa ke yanke harshen da fim zai yi magana da shi. Za mu gwada wannan hasashe da fina-finai biyu.

A watan Afrilu na shekara ta 1899, rundunar Voulet da Chanoine ta gwabza da Sarauniya Mangu a Lugu. A watan Mayu ta faɗa wa Birnin Ƙonni, ta ƙone garin, ta karkashe jama'a masu yawa. Duka garuruwan biyu na masu jin Hausa ne.

Abdoulaye Mamani ya wallafa littafinsa Sarraounia a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986. Da farko a Nijar aka yi niyyar ɗaukar sa, amma lamarin bai yiwu ba da hukumomin lokacin. Burkina Faso ta zamanin Thomas Sankara ce ta karɓi aikin. Sauya wuri ya jawo sauya ƴan wasa: Aï Keïta ta fito a matsayin Sarauniya, harsunan fim ɗin kuma suka zama Jula, Fulatanci da Faransanci. Ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987, sai dai Bahaushen Arewa ko na Ƙonni ba ya jin tarihin kakanninsa da harshensa a ciki.

Fim na biyu, African Apocalypse na Rob Lemkin, ya fito a 2020. A Nijar aka ɗauke shi, bisa sawun rundunar, har Birnin Ƙonni. Saboda haka jikokin waɗanda abin ya shafa sun ba da shaida da Hausa, da kalmomin da suka gada.

Abin da muka fahimta shi ne, mai nazarin harshe a fim ya kamata ya fara da takardun izini da na kasafi tun kafin ya saurari hira. A can ne ake sanin wanda zai yi magana.