Yaushe shinkafa 'yar waje ta zama abincin Sallah a Nasarawo?

Duk mai shago a unguwar nan ya san kwana goman da ke gaban Sallah, ƙarama ko babba. A cikinsu littafin bashi yake cika. Magidanci zai zo bayan Isha'i, mutane sun ragu, ya yi doguwar gaisuwa, sannan ya sassauta murya ya ce, "Malam, a taimaka min da rabin buhun 'yar waje da galan na mai, in an yi albashi in kawo." In ka ce masa ga 'yar gida ta fi sauƙi, sai ya ce ai Sallah ce, al'ada ce, da wane ido zai kalli iyali? Mun sha jin wannan kalma ta al'ada a bakin kanta, har muka ga ya dace mu bi sawunta mu ga shekarunta nawa. Mu da muka haura hamsin da idonmu muka ga shigowar wannan shinkafa, iyayenmu kuwa sun yi Salloli masu yawa ba su san ta ba.

Shi kansa garin da muke ciki ba tsoho ba ne. Modibbo Buba Yero, wanda ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a Gombe Abba ya kafa mazauninsa. Turawa ne suka mayar da hedikwata Nafaɗa a 1913, sannan suka dawo da ita nan Doma a 1919. Galibin iyayenmu da kakanninmu daga baya suka zo, daga ƙasar Kano da Katsina da Zazzau da Haɗeja da Katagum, wasu da allo a rataye, wasu da kayan koli. Auduga da gyaɗa ne suka jawo su, musamman bayan an kafa injin gurzar auduga a 1956, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1963. Kowa ya zo da tukunyar garinsu, ya tarar da Fulani da nononsu da man shanunsu, ga Bolawa da Terawa, ga Barebari da nasu burabuskon.

To, me suke dafawa ran Sallah? Tsofaffin da muka zauna da su bakinsu ɗaya ne: tuwo. Tuwon dawa ko na gero, wanda ake ci kullum. Abin da ke raba tuwon Sallah da na sauran kwanaki miya ce. Ranar ba a kaɗa kuka lami. Taushe ake yi, da ƙashi da nama, a kwarara man shanu har ya taso a sama. Gidan da yake da hali ya ƙara da masa, mutanen Kano kuma su yi funkaso da alkamar da aka aiko musu daga gida. Akwai shinkafa, kada wani ya ce mun ce babu. Amma jar shinkafar fadama ce, wadda mata ke sussukawa a turmi su yini suna tsince tsakuwa, kuma da mudu ake sayenta. Tuwo ake tuƙawa da ita ko a yi masa. Sayen buhu guda don Sallah, wannan sai gidan sarauta ko na manyan dillalan auduga.

Akwai dalilin da ya sa suka riƙe tuwo da masa, kuma ba rashi kaɗai ba ne. Abinci ne da yake ƙirguwa. Uwargida ta san gidaje nawa za ta aika wa, ta san gidan liman malmala kaza ne, gidan surukai kaza, gidan gwauron da ke haya a zaure kaza. Tun daga saukowa idi har Azahar yara na kai-kawo da langa a ka, in ka kai kwano ba ya dawowa wayam. Baƙon da ya zo Gombe ba shi da dangi, da wannan kwanon yake gane wa ya ɗauke shi maƙwabci. A gida ɗaya sai ka ci tuwon gida bakwai, har yara su san wace ce miyarta ta fi yaji a layin. Don haka mace ba ta zaɓar abincin Sallah da abin da mutanen gidanta za su ci kawai, tana zaɓa ne da yawan ƙofofin da kwanonta zai shiga.

Aikin kuwa tun ran jajibere yake farawa. Da safe a jiƙa shinkafar masa, da yamma a kai inji, a dafa 'yar kaɗan a zuba a cikin ƙullun don masar ta yi laushi, a rufe a ajiye wuri mai ɗumi ya kwana ya tashi. Kafin zuwan yis, ragowar tsohon ƙullu ko nono mai tsami ake sakawa, da asuba a kashe tsamin da ruwan kanwa. Mai tuya tana gaban tanda tun kafin mu fita idi, kuma wuta ce sirrin: in ta yi yawa baya ya ƙone ciki ɗanye, in ta yi kaɗan masa ta sha mai ta kwanta. Ita kuma taushe ba ta son gaggawa. Sai ƙashi ya dahu da albasa da daddawa, a sa kabewa ta narke a dame ta, a zuba jajjage, sannan niƙaƙƙiyar gyaɗa, alayyafo da yakuwa su zo a ƙarshe don kada su mutu. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, in ta ga an riga an zuba ganye kafin gyaɗa ta dahu, ranar ba mai jin daɗinta.

Abubuwa sun fara juyawa ne a shekarun 1970. Farin 1973 ya taɓa gero da dawa, ya kashe dabbobi. Kuɗin man fetur suka shigo, aka biya ma'aikata kuɗin Udoji a 1975, jiragen ruwa suka yi ta sauke farar shinkafa daga Amurka da Tailan. A daidai lokacin aka buɗe shirin bunƙasa noma na Bankin Duniya a Gombe, tare da na Funtuwa da Gusau, taki ya wadata, masara ta bar bayan gida ta shiga manyan gonaki. Tuwon masarar da yau muke gani kamar da shi aka halicce mu, shi ma ɗan wannan zamani ne. Muna yara a lokacin, kuma muna tuna ranar da aka fara kawo mana shinkafa da miyar tumatir daga gidan wani ma'aikacin reluwe. Fara tas, ba tsakuwa, kowace ƙwaya a ware. Wallahi mun ɗauka abincin Makka ne.

Zamanin Shagari shinkafa ta zama siyasa, har aka kafa mata kwamiti na musamman ƙarƙashin Umaru Dikko. Babangida ya hana shigo da ita a 1985, hanin ya kai shekara 10, amma ba ta daina zuwa ba, sai dai ta canja hanya, ta bi ta Kwatano da Maraɗi. Hanin ma sai ya ƙara mata daraja: abin da ake ɓoyewa a ƙarƙashin buhunan wake dole ya zama abin nuna wa baƙo. Da aka ba mu jiha ran 1 ga Oktoba 1996, Gombe ta cika da ma'aikata da 'yan kwangila, kuɗin haya ya tashi, girki ma ya canja. Dafa-duka da soyayyiyar shinkafa da kajin gidan gona suka hau kan tabarma, taliyar leda ta biyo baya, amare suka fara jin kunyar aika tuwo gidan surukai. In mun ƙirga daga kuɗin Udoji, shekarun wannan al'ada ba su wuce namu ba. A gidaje da yawa na unguwar nan ma ba ta kai talatin ba.

Ba muna cewa shinkafa laifi ba ce, mu da muke sayar da ita. Amma mun lura da abu ɗaya. Shinkafa da kaza ba sa rabuwa kamar tuwo. Kaza biyu ba za su zaga gida goma ba, sai uwargida ta rage gidajen, daga goma zuwa huɗu, daga huɗu zuwa gidan iyaye kawai. Tukunya ta ƙara tsada, kwano ya rage tafiya.

Sauran labarin kowa ya sani, don a aljihunsa ya ji. An ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Kebbi a 2015, an rufe iyakoki a watan Agustan 2019, injinan gyaran shinkafa suka yawaita, 'yar gida ta gyaru ƙwarai, ga ta Dadin Kowa nan kusa da mu. Sai cire tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. Buhun da muka sayar wajen naira dubu 10 a 2014, a 2024 ya haura dubu 80. Albashin mai zuwa bayan Isha'i bai ninka takwas ba.

A Babbar Sallah kuma zaɓin ya koma kan dabba, kuma a nan ma abin da ake kira al'ada ya yi wa littafi nisa. Duk wanda ya yi karatun Risala ta Ibn Abi Zaid ya san jerin: a layya tumaki ne a gaba, sannan awaki, sannan a zo kan shanu da raƙuma. Ke nan akuya lafiyayya wadda ta cika shekara ta shiga ta biyu layya ce cikakkiya, a mazhabarmu ma ta fi sa falala. Abin da aka hana shi ne mai ido ɗaya, da gurguwa, da marar lafiya, da ramammiyar da ba ta da kitse. Muhtasar na Shehu Halilu kuma ya ɗaure sunnar da sharaɗin kada kuɗinta ya takura mutum, malamai suka fassara da cewa kada ya zamana yana bukatar kuɗin don larurar gidansa a shekarar. Ba inda aka ce sai Balami mai kai ƙugu ko Uda mai launi biyu. Iyayenmu ɗan Yankasa suke saye tun bayan kaka, a ɗaure a gida a yi ta ba shi dusa da harawa, yara su saba da shi har su yi kuka ran yanka. Yanzu sai saura kwana uku a ruga tike a yi ciniki da dillali, ga shi bana da bara ana jin abin da ke faruwa a kan iyakar Nijar a farashin kowane rago.

Shi ya sa watanda ta dawo da ƙarfi, kuma kowace shekara sai an tare mu da tambayarta a ƙofar masallaci. Watanda don a samu naman miya ba mai ja a kanta, tsohuwar dabara ce ta mutanen kasuwa. Inda malamai suka saɓa shi ne mutum bakwai su haɗa kuɗi su sayi sa da niyyar layya. Malikiyya ba su yarda da tarayya a kuɗin ba, sun dai yarda mai gida ya shigar da iyalan da yake ciyarwa cikin lada. Sauran mazhabobi uku sun halatta, hujjarsu hadisin Jabir da ke cikin Sahihu Muslim. Mu abin da muke gaya wa mai tambaya shi ne, in kason da zai biya a sa zai saya masa akuya, ya sayi akuyar ya fita daga saɓani. In kuma ya bi ɗaya fatawar, ya bi malamai ne, ba mai ce masa bai yi layya ba.

Yadda ake sarrafa naman ma tarihi ne. Ranar farko kayan ciki ne, hanta a fara gasa wa mai gida, a rataye gangar jiki ta kwana ta tsane. Washegari a yanyanka, a fitar da na rabo tun kafin wuƙa ta gaji, a babbake kai da ƙafa, sauran a tafasa a soya shi cikin kitsensa har ruwan ya ƙone ƙaf. Wannan suyar ba don daɗi kaɗai aka ƙirƙiro ta ba, ita ce firjin mutanen da. Naman da ya soyu haka, aka zuba a tukunya kakide ya rufe shi, yana wata biyu ba abin da ya same shi, har a ajiye jelar rago don daren cika-ciki a Muharram. Shekarun baya wani maƙwabcinmu ya ce shi ya wuce wannan wahala, ya zuba rago guda a firji. Aka ɗauke wuta kwana uku. Da daddare ya haƙa rami a bayan gida, kuma har yau in Sallah ta zo matarsa ce take fara aron babban kaskonmu.

Shi kuwa mutumin bayan Isha'i, a Sallar da ta wuce mun zauna da shi a kan benci muka yi lissafi da biro a bayan kwali. Kuɗin rabin buhun da yake nema bashi, kashi ɗaya cikin uku nasa ya isa mudu biyar na shinkafar tuwo da kabewa biyu da gyaɗa da ƙashin miya, kuma wannan yana da shi a aljihu. Ya yi shiru, ya ce matsalar a ce wa uwargida. Muka ce wannan kam ba ya cikin Risala. Ran Sallah da hantsi sai ga 'yarsa da langa a ka, masa goma sha biyu da taushe, ta ce Babanta ya ce a gaida Malam, kuma a ba ta kwanon yanzu don saura gida shida.