Daga Fatoma Zuwa Mai Gidan Haya

A zamanin da, fataken da ke shigowa ta Ƙofar Ruwa ba su biyan haya. Fatoma ke saukad da su, ya ciyad da su, ya nemo masu sayen kayansu a Kurmi, ya ɗauki la'ada. Da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka kafa Sabon Gari cikin 1913, sai haya ta yawaita, har ta tsallako ganuwa. Yau masu gida na kukan tsadar siminti, 'yan haya kuwa na roƙon hukuma ta ƙayyade kuɗi. To, jama'a, ga tushen gardamar: fatoma sai baƙonsa ya samu ya ke samu, amma mai gidan haya zai karɓa, ko ɗan haya ya samu, ko bai samu ba.